Bintu Ingilishi da Bayan Kwalba

A shekarun da tattasai ya fara sa manoman bakin gulbin Komadugu sayen rediyo da sabon keke, babu mai sayo kwalbar maganin feshi a Damasak ya zarce da ita gona. Sai ta jira Talata, ranar kasuwar Diffa, a kai ta gaban Ya Bintu. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Daga Najeriya maganin ke zuwa, rubutun jikinsa Ingilishi ne, 'ya'yan da aka kai lakwal, wato boko, kuma Faransanci aka cusa musu. Ka miƙa wa ɗan lakwal kwalba, ya juya ta sama ya juya ta ƙasa, ya cafke kalma biyu, sauran ya cike da ƙarya don kada a ce bai san komai ba.

Ya Bintu gajeriya ce mai jiki, mai wushirya, kuma Allah ya ba ta muryar da ba ta neman lasifika. Tabarmarta tana ƙarƙashin wani dogonyaro, daf da inda ake jibge buhunan tattasai, wurin da baƙo ba ya minti biyu bai yi atishawa ba. Ita kam ko a jikinta.

A Geskeru aka haife ta, gidan manoma. Tana da shekara shida gwaggonta mai aure a Maiduguri ta ɗauke ta riƙo, ta sa ta boko. Aji huɗu ta yi mijin gwaggon ya rasu, karatu ya tsaya cak, ta koma taya sayar da shinkafa a bakin tasha. To, a nan aka yi karatun gaske. Direbobin manyan motoci daga kudu ba sa jin Hausa, ba sa jin Kanuri, yunwa kuwa ba ta jiran tafinta. Da Ingilishi suke neman ƙarin miya, da shi suke rigima, da shi suke ba da labarin 'ya'yan da suka baro gida. Bintu ta kwashe duka. Da ta dawo tana 'yar shekara sha takwas ta auri Grema, wanda ita da kanta ta nuna, kayan ɗakinta ba su taka kara sun karya ba, amma ta zo da harshe guda cur a bakinta, kuma da shi take taƙama.

Harshen nan ya yi shekaru ba shi da wani aiki sai korar dabbobi. Mijinta, Ba Grema, yakan ce akuyoyin gidansa ne kaɗai a duk faɗin Diffa da ba sa fita daga madafa sai an yi musu Ingilishi. Sai ga injunan ban ruwa sun cika bakin gulbi, gonakin tattasai suka faɗaɗa, tsutsa da darɓa suka zo cin rabonsu, kwalabe suka biyo baya. Rana ɗaya aka tuna akwai matar Grema.

Yadda take aikin kuwa ba a koya mata a ko'ina ba. Za ta karɓi kwalba ta karanta manyan rubutun gaba da ƙarfi, yadda duk na kusa zai shaida ba da ka take yi ba. Sannan ta tambayi mai kwalbar fangali nawa gare shi, da wane bokiti yake dama magani. Ta rufe ido ta yi ɗan lissafinta, ta jawo zare daga wani tsohon gwangwani ta ɗaura a wuyan kwalbar. Jan zare na tsutsa, fari na darɓa, shuɗi na ciyawa. Kowane ƙulli murfin kwalba ɗaya ne cikin bokiti ɗaya. Mutum ya koma Geskeru ko Tumur, ko ya manta duk abin da aka faɗa masa, yatsansa zai tuna. Ba ta taɓa yanka wa kowa lada ba. Wani ya ajiye mata busasshen kifi, wani ya ce Allah ya saka, duk ɗaya ne a wurinta, don ita suna take ci a wurin. Bintu Ingilishi ake ce mata tun daga Diffa har Bosso, kuma in an kira ta haka takan yi kamar ba ta ji ba don a sake.

Gari kuwa ya yi ta ƙirƙiro zance a kan harshen nan. Wasu suka ce ta wushiryar yake fita, shi ya sa mai haɗaɗɗun haƙora ba zai taɓa iyawa ba. Wasu suka ce ai Faransanci ne da ya ƙetare gulbi ya jiƙe. Tsofaffi suka haƙiƙance cewa in mutum ya wuce ashirin harshensa ya bushe, ba ya ƙara lanƙwasuwa ga sabon yare. Har mata kan kawo mata yaran da suka yi jinkirin magana ta zuba musu Ingilishi a kunne, wai ya fi saurin buɗe baki. Ba ta taɓa musa ko ɗaya ba. Me zai sa ta musa abin da ke ƙara mata kwarjini?

Abu guda ne ke ci mata rai. 'Yan kudu masu sayar da kayan inji suna nan, tana hira da su, amma su irin nata suke yi. Ita so take wata rana ta zauna da mai littafi, wanda ya karanci abin har ƙarshe, ya saurare ta ya gyaɗa kai.

A watan Oktoba na 1998 aka turo sabon malamin Ingilishi kwalej, wani saurayi daga wajen Doso mai suna Sumana, kuma Allah cikin ikonsa ya kama ɗaki a layinsu. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki! Ranar da ta ji labari Ya Bintu ba ta iya zama ba. Ta shiga ɗaki ta fito, ta ɗauki tsintsiya ta ajiye, tana ta jera gaisuwa ita kaɗai, har Ba Grema ya tambaya ko Gwamna ne zai zo. Washegari ta dafa burabusko da miyar kifi, ta turara lafayarta har hayaƙi na tashi daga jikinta, ta ɗora kwano a ka ta nufi ɗakin baƙo.

Ta same shi a ƙofa yana gugar riga da dutsen gawayi, siriri mai tabarau. Ko kwanon ba ta sauke ba ta buɗe masa wuta. Ta yi masa maraba da Ingilishi, ta tambayi hanya, ta tambayi mahaifiyarsa, ta ba shi labarin tashar Maiduguri, ta gargaɗe shi da sauron Diffa, duk a numfashi guda. Sannan ta tsaya tana murmushi, tana jiran amsarsa.

Malamin ya gyara tabarau. Ya dubi kwanon, ya dubi dutsen guga.

"Sannu, Inna. Na gode da abinci," ya ce da Hausarsa ta mutanen yamma. "Ina sauri, za ni lakwal."

Ta koma gida tana ba shi uzuri, wai gajiyar hanya ce. Kwana uku tsakani magana ta iso gare ta, kuma aminiyarta Hauwa ce ta kawo. Tare suka yi wasan ƙasa a Geskeru, yanzu Hauwa na zuwa kowace Talata sayar da man gyaɗa. Ta zauna bakin tabarma tana kame-kame kafin ta faɗa. A fadar ma'aikata, inda suke shan shayi da yamma, an tambayi Mushe Sumana, haka ake ce wa malami a lakwal, yadda ya ga Ingilishin Bintu. Ya ce wannan ba Ingilishi ba ne. Ya ce ba shi da nahawu, tarkacen tasha ne, kuma duk ɗalibin da ya saurare ta harshensa zai lalace.

Ya Bintu ta yi dariya da ƙarfi don Hauwa ta ji. Amma maganar ta shige ta har ƙashi. Shekara ashirin da bakwai tana riƙe da abin nan kamar zinariya a ƙasan adaka, yau wani yaro da ko gemu bai tara ba ya ce gwangwani ne.

Magana zarar bunu ce. Talata ta gaba mutum goma suka zo tabarmarta maimakon talatin. Wadda ta biyo, huɗu. Sauran suna can ƙofar ɗakin malam sun yi layi da kwalabensu, don manomi in ya ji an ce ga na asali ba ya ƙara kallon na jiya. Malam kuwa ba laifi, karatu yake yi tsaf, ba gargada. Ya faɗa musu lita kaza a hekta ɗaya, ya rubuta a 'yar takarda da Faransanci, ya ninke ya ba su. Su fito suna jin sun yi hulɗa da ilimi, su cusa takardar a aljihu, babu wanda ya yarda ya tambayi ko hekta gona ce ko bokiti. Har Abbakar, mijin Hauwa, wanda ya shekara goma sha biyu yana lallaɓa ƙullin zarenta, ta hango shi ya bi ta bayan buhuna don kada su haɗa ido.

"Munafuki!" ta ɗaga murya. "Na gan ka, Abbakar! Hularka ta fi buhu tsawo!"

Bai waiwayo ba. Hauwa ce kaɗai ba ta fasa ba. Ko ba ta da kwalba sai ta zo ta zauna, ta ce a yi mata Ingilishin ta ji daɗi. Ya Bintu ta yi ta yi mata, amma muryar ta ragu, kuma a gida akuyoyi suka fara jin Kanuri.

Wata biyu aka yi a haka. Ranar wata Talata a Disamba, kasuwa ta cika, sai ga Abbakar ya diro daga motar Geskeru da buhu a kafaɗa yana ihu tun daga nesa. Ya zo tsakiyar mutane ya zazzage. Itatuwan tattasai ne, ganye ya murɗe ya yi baƙi kamar an bi shi da wuta. Fangali goma sha ɗaya ya ƙone. Da ya koma gida da takardar malam babu mai karanta ta a unguwarsu, shi kuma abin da ya riƙe a ka shi ne "lita ɗaya". Sai ya juye kwalbar kaf a bokiti biyu ya fesa, yana cewa ai na malam ne, ba zai cuta ba.

In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Kafin azahar layin ƙofar malam ya watse, ya dawo ƙarƙashin dogonyaro, ana ture-ture. Wai! Ranar Ya Bintu ta yi sarauta. Ta bar su tsaye a rana ta sha ruwa a nitse, ta gyara lafaya, ta tambayi kowa ina ya shiga kwana biyu. Hauwa ta rangaɗa guɗa duk da gonar mijinta ce ta ƙone. Abbakar ya durƙusa yana ba da haƙuri, ita kuwa ta yi masa faɗa da Ingilishi na tsawon lokacin da za a dafa shayi, bai gane ko kalma ba amma yana ta cewa gaskiya ne. Zare ya ƙare a gwangwani, sai da aka sayo wani. Ta koma gida da yamma tana taku ɗai-ɗai, daɗi kamar ya kashe ta.

Da hantsin Alhamis tana tsakar gida tana tsintar shinkafa aka yi sallama. Mushe Sumana ne, da kwalba a hannu, irin wadda ta ƙone gonar Abbakar. Ta shirya masa baƙar magana kala uku, amma da ta ga idonsa sai ta jawo masa kujera. Yaron ya rame.

"Ya Bintu, na zo neman gafara," ya ce. "Na ɓata gonar mutum. Kuma na ɓata miki suna."

"Na ji. Sai me?"

Ya murza kwalbar a hannunsa. Sannan ya faɗi abin da ba ta taɓa zato ba. Ranar da ta kai masa abinci, ko rabin abin da ta ce bai gane ba. A littafi ya koyi Ingilishi, malamansa ma a littafi suka koya. Ya san ƙa'ida ɗari, zai iya gyara rubutun kowa da jan biro, amma bai taɓa zama da mutum sun yi hira da harshen ba, don tun suna ɗalibai aka tsorata su cewa wanda bai gama haddace nahawu ba kada ya kuskura ya buɗe baki. Da ta zubo masa magana kamar ruwan inji, kansa ya ɗaure. Da abokansa suka tambaye shi a fada, kunya ta hana shi cewa bai gane ba, sai ya ce laifin nata ne.

Ya Bintu ta ajiye faifai. Ta dube shi, ta sake dubansa, sai ta fashe da dariya har da riƙe ciki, har hawaye.

"Grema! Fito ka ji! Ashe tsorona ya ji! Mushe guda da tabarau!" Ta share ido da gefen lafaya. "To faɗa mini tsakani da Allah. Nawa ɗin Ingilishi ne ko ba shi ba ne?"

"Shi ne. Wani wuri kina yanke hanya, littafi ba zai yarda ba. Amma mutane miliyoyi haka suke yi, kuma suna fahimtar juna. Ni da na bi doguwar hanya ban iso ba."

"Za ka faɗi haka a kasuwa?"

"Ran Talata, in sha Allah. Gaban kowa."

Da a ce ya tashi ya tafi a nan, da labarin Ya Bintu ya ƙare da guɗa. Amma ya roƙe ta ta nuna masa yadda take ƙullin, ita kuma da ma neman mai kallo take. Ta karɓi kwalbar ta karanta gaban tas, tana kaɗa kai, ta ɗaura ƙulli biyu. Ya yi ta mamaki. Sannan ya juya kwalbar, ya nuna mata rubutun baya, ƙanana kamar tururuwa sun yi layi.

"Wannan fa, wane zare kike sa mishi?"

"Wannan? Surutun kamfani ne. Suna yabon kansu."

"Kin taɓa karantawa?"

Gaskiyar ita ce ta taɓa gwadawa, tun farko-farko. Kalmomin dogaye ne, ba irin na tasha ba, jimlolin kuma sai su tafi su dawo su sake tafiya. Ta bari, ta gaya wa kanta ba komai a ciki, kuma da shekaru suka tura sai ta yarda da maganar tata.

Malamin ya karanta mata yana fassarawa a hankali. Kada a yi feshi ba a rufe hanci da baki ba. Kada a ci ko a sha kafin a wanke hannu da sabulu. Kada a tsinki amfanin gona sai bayan kwanaki kaza. Kada a wanke bokiti a gulbi, yana kashe kifi. Sannan ya zo layin ƙarshe: idan maganin ya ƙare a fasa kwalbar a binne, kada a zuba ruwan sha ko abinci a cikinta ko an wanke ta sau nawa.

Ya Bintu ta ƙura wa kwalbar ido. Kwalabe ne masu kyau, masu murfin da ba ya yoyo, wa zai yar? Duk gidan da ka shiga a bakin gulbi za ka gan su, wata da mai, wata da nono, wata a rataye a wuyan jaki da ruwan tafiya gona. Kuma duk wanda ya taɓa tambayarta, ita da bakinta ta ce a wanke da toka sau uku a shanya, shi ke nan.

"Ba sai an sani ba," in ji malamin da ya ga yadda fuskarta ta koma. "Daga yanzu ki riƙa ƙarawa a hankali, kamar sabon abu ne kamfani ya kawo."

Ba Grema, da ke zaune bakin zaure yana saurare, ya goyi bayansa. "Wa ya tambaye ki? Jiya-jiya kika karɓo tabarmarki. Ki ce musu shekara goma sha biyu rabin kwalba kike karantawa, ki ga in kare zai ƙara zuwa."

Kwana biyar ta yi tana juya abin, tana jin haushin malam, tana jin haushin kamfani da ya ƙanƙance rubutu, tana jin haushin kanta fiye da kowa. Ta so ƙwarai ta bi shawararsu. Amma a hankali ɗin nan wata nawa zai ɗauka kafin ya kai Tumur, kuma ruwa nawa za a sha kafin nan?

Talata ta zo. Labari ya riga ya zaga cewa malam zai yi magana, don haka har masu sayar da goro suka bar tirensu. Mushe Sumana ya tsaya kusa da tabarma, gumi na zubo masa, ya cika alkawari. Ya ce ya yi kuskure, Ingilishin Ya Bintu Ingilishi ne, kuma ta fi shi iya magana da shi nesa ba kusa ba. Wuri ya ɗauka! Tafi, guɗa, wani ya jefa hula sama, Abbakar na ihun shi da ma ya sani. Ya Bintu ta rufe ido ta saurara. Abin da ta yi shekaru tana jira ke nan, kuma ya yi daɗi yadda ta zata, har ma ya fi.

Sai ta dafa kafaɗar Hauwa ta hau kan wani buhun tattasai.

"Ku tsaya, ban gama ba. Kun ji ya ce na iya. To akwai inda ban iya ba." Ta ɗaga kwalba ta juya bayanta ga jama'a. "Kun ga wannan ƙananan? Tun da na fara zama a nan ban taɓa karanta muku shi ba. Na ce muku surutu ne. Ƙarya na yi, ya fi ƙarfina ne."

Kasuwa ba ta yin tsit, amma gefen nan ya yi. Ta jera musu abin da ke ciki ɗaya bayan ɗaya, da Hausa, ta maimaita da Kanuri don kada wani ya ce bai ji ba. Da ta zo kan kwalabe ba ta rage murya ba. Ta ce duk mai irinsu a gida ya fasa ya binne yau, kada ya jira gobe.

Guna-guni ya tashi. Wani ya ce ashe dai maganar malam ta farko ita ce gaskiya. Wani tsoho ya tsinke zaren wuyan kwalbarsa ya yar a gabanta ya wuce. Duk wannan ta shirya masa. Abin da ba ta shirya wa ba shi ne Hauwa, wadda ta ja da baya a hankali tana kallonta kamar ba ta san ta ba.

"Bintu," ta ce, ba da ƙarfi ba. "A cikin irinta nake ba jikana kunu. Wata uku ke nan yana ciwon ciki, mun rasa kansa. Na tambaye ki. A nan wurin na tambaye ki."

"Kin tambaye ni."

"Kika ce toka."

"Ni na ce."

Hauwa ta ɗauki tasar manta ta tafi ba sallama. Ya Bintu ta sauko daga buhun, ta zauna a tabarma ta yi kuka a gaban mutane, abin da ko a rasuwar gwaggonta ba a gani ba.

Yaron ya warke daga baya, kuma babu wanda zai rantse cewa kwalbar ce, ko ba ita ba ce. An dai binne kwalabe da yawa a makon nan, daga Diffa har ƙauyukan gabas. Kusan rabin mutanenta ba su dawo ba. Masu bakin tsiya suka sauya mata suna zuwa Bintu Rabin Kwalba, kuma ya bi ta, don irin wannan suna ba ya wankuwa. Ita kuwa ta sayo tabarau a Damasak, ta sa Mushe Sumana a gaba kowace Alhamis bayan la'asar. Rabin lokacin ya koya mata dogayen kalmomi da yadda ake bin jimla mai lanƙwasa har a kamo wutsiyarta, rabin kuma ta tilasta masa hira, in ya tsaya neman ƙa'ida ta buga masa faifai a gwiwa. Tsofaffin da suka ce harshe na bushewa suka zuba ido, mace mai shekara arba'in da biyar tana haɗa baƙi da yatsa, tana murna kamar an ba ta kujerar Makka duk ranar da ta ƙure layi guda ba taimako. Kafin a mayar da malamin can yamma a 2001 ta iya cinye bayan kwalba ita kaɗai, ta kuma ƙara baƙin zare a gwangwaninta, ƙullinsa kwanakin jira kafin tsinka.

Duk tsawon shekarun nan Hauwa tana zuwa kasuwa, amma ta koma can ɗaya gefen da tasarta. In sun haɗu a biki su gaisa kamar surukai. Ya Bintu ba ta aika kowa biko ba, ta san ba ta da bakin yi.

Sai wata Talata, shekara huɗu bayan abin, tana sunkuye tana warware zare ta ga inuwa ta tsaya a kan tabarma. Ta ɗaga kai. Hauwa ce, ta tsufa kaɗan, da sabuwar kwalba a hannu. Ba ta yi murmushi ba. Ta zauna a bakin tabarma, ta miƙa mata.

Ya Bintu ta karɓa, ta lalubo tabarau. Ta buɗe baki za ta fara gaisuwa, Hauwa ta tare ta.

"Gaisuwa ta jira. Ki karanta mini duka. Ba na sauri."